Bindigar da Ba Ta Son Rana

Ni ne na yi laifi a maganar bindigar nan, ba yayanku ba. Da wannan na fara domin na san abin da kuka taso kuna ji a gidan nan da bakin maƙwabta: wai ya bar Agadas saboda taurin kai, wai ya yi fushi da ubansa a kan kayan wasa, wai tun da ya dawo daga daji kansa bai koma daidai ba. Na sha ji ana faɗa a gabana, ban taɓa gyara wa kowa ba, domin maganar tana rufa mini asiri. Ku kuna ƙanana a lokacin. Yayarku Rakiya ce kaɗai ta san yadda aka yi, ita da innarku. To ga yadda aka yi.

Sana'ata kun san ta. Tun da na baro ƙasar Madawa na zauna a garin nan, bido nake ɗinkewa a bakin tasha. A sayo bidon roba da mai ya ƙare a cikinsa, a wanke, a naɗe shi da kwali, a rufe da buhun algarara, a bi shi da basilla. Matafiyin hamadar Tenere ya jiƙa buhun ya rataye a gefen mota, ruwansa ya yi sanyi, robar kuma rana ba ta cinye ta. Aikina ke nan tun ina da baƙin gemu, in shiga tsakanin roba da rana. Da shi na ciyar da ku, har sunana ya ɓace a tasha, kowa sai Mai Bido.

Abu na biyu da ya kamata ku sani, yayanku ɗan fari ne. A inda na fito, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ko lafiyarsa ma ta bakin wani yake tambaya. Haka ubana ya yi mini, ban kuwa taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. “Kai” nake ce wa yayanku, in ba ya wurin in ce “yaron nan”. Ko a takardar nan hannuna ya ƙi rubuta sunan tukuna. Ba zagin al'adar nake ba. Kunya ce, kuma na ga mutanen da suka riƙe ta da kyau, ɗan ya tashi ya san ana sonsa ko ba a faɗa ba. Ni dai bango na mai da ita, ina laɓewa a bayansa duk lokacin da ya kamata in buɗe baki.

A shekarun da zinariya ta ɓulla a arewa, garin nan ya cika da baƙi. Mutanen Maraɗi, na Damagaram, na Zamfara, kowa da jakarsa da cebur yana neman motar daji, kowa kuma sai ya sayi bido. Yayanku a lokacin yana koyon gyaran rediyo da salula wajen wani mutum a kasuwa. Ba ya samun abin kirki, amma yana son aikin, yakan dawo gida da aljihu cike da ƙananan kusoshi. Ni kuwa ina zaune a tasha ina ganin sa'o'insa suna saukowa daga mota da ƙura har gira, bayan kwana kaɗan ka gan su a kan sabon moto mai ƙafa biyu. Ban taɓa ce masa ya tafi ba. Da innarku nake magana, amma da ƙarfi, a inda zai ji: ɗan wane ya gina wa ubansa ɗakin siminti, ɗan wane ya kai uwarsa Makka. Ya ji har ya gaji. Ya tafi tare da Ila, ɗan maƙwabcinmu, abokinsa tun suna rarrafe. Bidon da ya tafi da shi ni na ɗinka, na ninka masa kwalin fiye da na kowa, na ajiye a ƙofar ɗakinsa ban ce komai ba.

Rami ya rufta da su biyun. An tono yayanku da rai, ƙafarsa ta dama a karye. Ila bai fito da rai ba. Daga baya wasu da suke wurin suka ce su biyun sun daɗe suna jin muryar juna a ƙarƙashin ƙasa kafin ta Ila ta ɗauke. Shi bai taɓa faɗa wa kowa ba. Aka kawo shi gida, aka ɗora ƙafar, ta warke da ɗingishi, amma bakinsa ya rufe. Gaisuwa da kai yake amsawa. Ya ci loma kaɗan, ya koma inuwar bangon tsakar gida ya zauna, idanunsa a buɗe ba sa kallon komai. Ɗaki kuwa ba ya shiga sai an tokare ƙofar a buɗe. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi likita. Duk abin da aka ce a nemo na nemo, amma ban taɓa zama kusa da shi ba. Ina shigowa sai in tambayi innarku, “Yaron nan ya ci?” alhali ga shi nan zaune inda hannuna zai iya kaiwa. Haka sanyi ya wuce, bazara ta wuce, sanyi ya sake dawowa.

Rakiya tana Yamai tana karatun aikin jinya. Wata rana ta aiko da kwali ta kar, babbar motar fasinja, da sunan yayanku a jiki. Innarku ta ɗauka magani ne. Da aka buɗe sai ga guntayen roba masu launin toka, wasu kamar bututu, wasu kamar ƙashin haƙarƙari, wasu ƙanana kamar ƙwayar dabino, kowanne a naɗe da takarda. Na kira ta a salula.

“Wannan tarkacen mene ne?”

“Ba tarkace ba ne, Baba, buga su aka yi. Wasu ɗalibai a nan suna da na'ura kamar mai buga takarda, sai dai ita zaren roba take narkarwa tana shimfiɗawa, hawa a kan hawa, har abu ya tashi. In aka haɗa su duka, bindiga ce.”

“Bindiga kika aiko gidana ta kar? Kina so jandarma su kwashe mu?”

“Ba ta harbi, Baba. Ta silima ce. Silimar nan ta mutanen da ke yaƙi a wata duniya, wadda Yaya yake satar jiki ya je kallo yana yaro. Wadda ka taɓa dukansa a kanta.”

Na tuna dukan. Na kuma tuna yadda ya cika bangon zaure da zanen wata bindiga mai dogon baki, da gawayi, har sai da na sa shi ya goge.

Aka ajiye kwalin kusa da shi. Ranar bai taɓa ba. Washegari da na fito alwala sai na ga guntayen a jere a kan tabarma, manya a gefe, ƙanana a gefe, shi kuma yana juya ɗaya a hannu yana shafa shi da babban yatsa. Jikin robar ba sumul yake ba, yana da siraran zane kamar sawun iska a kan rairayi, wato inda na'urar ta bi. Wannan zanen ne ya fara gogewa. A cikin kwalin akwai takarda mai yashi, mai kaushi da mai laushi. Ya goge da mai kaushi, ya bi da mai laushi, ya jiƙa da ruwa ya sake bi, ya ɗaga wa haske ya duba, ya koma. Guntu ɗaya yakan cinye masa yini. Gidan da ya saba da shiru sai ya koma kana jin sas-sas tun safe har magariba. Ana cikin haka wata rana da hantsi, ban riga na fita ba, na ji wata murya da na kusa mantawa.

“Inna, ko akwai tsumma mai laushi?”

Innarku ta ce akwai, kamar ba komai. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito idanunta sun yi ja, a hannunta kuwa ba tsumma ba ne, zanenta ne na zuwa biki ta yanki gefensa.

Daga nan abin ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Kol ɗin liƙa guntayen, wanda aka aiko tare da su, ya ƙare, ba wanda ya san irinsa sai shi, dole ya fita kasuwa da kansa, karo na farko tun dawowarsa. Ya je wajen masu gyaran jikin mota ya roƙo mastik ɗin da suke cike lotsewa da shi, ya cike duk inda guntu ya haɗu da guntu, ya goge har ba ka gane mahaɗin. Ya je wajen maƙeran Buzaye ya zauna yana kallon yadda suke baƙanta zane a jikin azurfa. Ya shafa wa bindigar baƙi, ya bari ta bushe a inuwa, ya bi da ruwan azurfa. Ta fito tana ƙyalli kamar yau aka ƙera ta. Na ce a raina an gama. Sai na ga ya kwaɓa baƙin tukunya da ɗan mai yana cusawa a lunguna, yana kankare gefuna da bakin wuƙa. Na kasa haƙuri, na ce wa innarku, da ƙarfi yadda na saba:

“Yaron nan ya gyara abu kuma ya koma yana ɓatawa?”

Shi ne ya amsa, bai ɗago kai ba.

“A silimar ta tsufa. Mai ita ya daɗe yana yawo da ita.”

Ya sa mata ƙaramin ampul na fitila da pil, wato batir, a ciki, in ka danna sai bakinta ya kawo shuɗin haske. Tsawonta ya kai hannun mutum. Ni ma'aikacin hannu ne, na san aiki in na gan shi. Nakan tsaya a bayan tarin buhuna a zaure kamar ina ƙirga, alhali hannunsa nake kallo, yadda ba ya gaggawa, yadda yake komawa kan wurin da ba wanda zai taɓa dubawa. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta kamar wannan ba a unguwarmu. Ban faɗa masa ba. Ko innarku ban faɗa wa ba.

Wata safiya ina ɗaure buhuna zan fita, ya zo ya durƙusa a gefe.

“Baba.”

“Mene ne?”

“Ko za ka ɗinka mata riga, irin ta bido? Ba ta son rana. Robar nan ba irin ta bido ba ce, in ta ji zafi laushi take yi.”

Na ci gaba da jan igiya.

“Ina da aikin mutane a gabana.”

Ya ce to, ya tashi. Gaskiyar magana, na ji daɗin roƙon nan har cikin ƙashina. Tun yana yaro bai taɓa neman wani abu daga hannuna kai tsaye ba. A hanyar tasha har na fara auna rigar a raina, inda zan sa maɗauri, inda zan ninka kwali. Niyyata in ɗinka a ɓoye in ajiye masa a ƙofar ɗaki yadda na yi da bidon. Sai dai a tasha nake ɗinki, a tasha kuma akwai fada.

Fadarmu gindin wata rumfa ce inda Gambo mai shayi yake hura gawayi, mu ƴan sana'a da shofarori muna zagaye da shi. Labarin bindigar ya riga ya kai can, domin yaran unguwa suna zuwa kallon shuɗin hasken.

“Mai Bido,” in ji Gambo, “an ce sojan gidanka ya gama ƙera makami. Yaushe za a kai hari?”

“Ku ɗaure awakinku,” in ji wani. “Da su za a fara.”

“Wasu sun je daji sun dawo da mota, naka ya dawo da wasan yara. Ka yi masa aure, Mai Bido, ko ya samu abin gogewa.”

Ina dariya tare da su, ina cewa ku bar shi, ciwo ne. Amma in na sunkuya kan ɗinki sai in ji fuskata tana zafi. Ta yaya zan shimfiɗa rigar abin wasa a gabansu in kama ɗinki? Na ce sai gobe, goben ta zama jibi. Abin da nake so a lokacin shi ne bindigar nan ta zama tana da wani amfani da zan iya faɗa a fada.

Hamidu shofer ne ya kawo mini amfanin. Mutumin Tawa ne, yana jigilar masu haƙar zinariya, mai babbar murya, ba mugu ba ne. Ya zo gida ɗaukar bido da safe, ranar da yayanku ya tafi likita a duba masa ƙafa. Yana shigowa zaure ya ga bindigar a rataye a ƙusa, ya ja da baya.

“La'ilaha! Mai Bido, ashe kai ma ka shiga harkar?”

“Roba ce. Ta silima ce.”

Ya sauko da ita, ya jijjiga, ya ɗora a kafaɗa.

“Ba nauyi ko kaɗan. Amma daga nesa wa zai sani? Ka san masu tare hanya daga kan tudu suke hango mota. In suka ga baki irin wannan, wanda ko soja ba su da shi, wallahi sai su ce a bar waɗannan su wuce. Ara mini, tafiya ɗaya.”

Innarku ta yi magana daga bayan labule.

“Malam, a jira mai ita ya dawo.”

“A gidana sai na jira wani?” na ce.

Abin da na gaya wa kaina shi ne daraja nake nema masa. Zan shiga fada in ce, abin da kuke wa dariya ga shi can yana tsaron rayukan mutane a Tenere. Hamidu ya cusa ta a ƙarƙashin bidoji. Yana bakin ƙofa na tuna maganar rana. Na tuna sarai, ba mantawa na yi ba. Ga buhu a gindin ƙafata, da na miƙa masa na ce naɗe ta, kada ka bar ta a zafi, da shi ke nan. Amma in na faɗa, Hamidu zai ga na damu da abin wasa, gobe kuma fada ta ji. Na yi shiru, mota ta tashi.

Yayanku ya dawo ya tarar da ƙusa ba komai. Ya tambayi innarku, ta ce ya tambayi babansa. Sai ga shi a tasha da ɗingishinsa, wurin da bai taka ba tun ranar da ya hau motar daji. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida mutanen fada ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi magana a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

“Baba, ka gaya masa ba ta son rana?”

Na ci gaba da ɗinki.

“Baba, masu tare hanya in sun ga bindiga ba gudu suke yi ba. Harbi suke fara yi. Na gani da idona.”

Ya tashi ya tafi. Wannan ban yi tunaninsa ba ko kaɗan. Na ɗauki mota cike da ƴaƴan mutane na sa musu abin da zai jawo musu harsashi, don in samu abin faɗa a gindin rumfar shayi.

Kwanakin da suka biyo baya ya koma inuwar bangon nan. Abinci ya koma loma kaɗan. Sai dai kullum da yamma yakan tashi ya je bakin hanyar arewa ya tsaya, duk motar da ta shigo ya tambayi mutanen ciki ko sun ga ta Hamidu. Ba bindigar yake tambaya ba, mutanen yake tambaya. Ni ma ina tambaya ta nawa gefen, ina addu'a bayan kowace salla. Muna tsoron abu ɗaya a gida ɗaya, ban taɓa ce masa ni ma ina tsoro ba.

Hamidu ya dawo lafiya, shi da duk wanda ya ɗauka. Bai haɗu da kowa ba a hanya. Da la'asar ya iso fada, ya sha shayi, sannan ya buga cinya ya ce af, ya koma mota ya zaro bindigar daga bayan kujera. Ya ce ya ɓoye ta har suka wuce shingen jandarma, daga nan ya shimfiɗa ta a gaban mota, bayan gilashin gaba, inda za a gani daga nesa. Kafin azahar ta ranar farko ta sunkuyar da kai. Dogon bakin nan ya lanƙwasa ƙasa kamar wuyan raƙumi a bakin rijiya. Mariƙin ya baje, ruwan azurfar ya tattare kamar fatar tsoho, mahaɗan da aka ɓata watanni ana ɓoyewa duk sun buɗe. Hamidu ya ɗora ta a kafaɗa ya rufe ido ɗaya.

“Ku duba inda take kallo! Wannan ai ƙafar mai ita take harbi!”

Rumfa ta ɗauki dariya. Gambo har ya zubar da shayi. Ni ma na yi. Na sha gaya wa kaina cewa dariyar sanyin zuciya ce, ta ganin mutane sun dawo da rai. Akwai wannan a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Na yi ne domin in kasance a gefen masu dariya. Da na juya sai ga yayanku tsaye a bakin rumfa, ya biyo motar daga bakin hanya. Ba bindigar yake kallo ba, ni yake kallo. Ya matso ya karɓe ta daga hannun Hamidu da hannu biyu, ya ce masa sannu da hanya, Allah ya ƙara kiyayewa. Ya juya ya tafi, ana jin jan ƙafarsa har ya sha kwana.

Bayan ƴan kwanaki ya haɗa kayansa. Tsohon maigidansa na kasuwa ya haɗa shi da wani mai gyaran salula da farantan hasken rana a Cirozerin, inda masu aikin gawayin ƙasa suke. Ya yi sallama da innarku a ɗaki, ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, “Baba, zan tafi.” Na ce Allah ya kiyaye. Bindigar ya bar ta a ƙusarta. Innarku ta sauko da ita ta naɗe a sauran zanen nan da ta yanka, ta sa a ƙarƙashin gado.

Kada ku ɗauka ya lalace a can. Bai koma shirun da ba. Ya iya aikin, ya buɗe nasa wurin, ya yi aure, na je na zauna a matsayin uba aka ɗaura. Yana aiko wa innarku da kaya, yana zuwa da Salla kamar yadda kuke gani, ya durƙusa ya gaishe ni idonsa a ƙasa, ya tambayi jikina, ya tashi. Ba wanda zai ce ya taɓa yi mini rashin ladabi. Amma tun safiyar da ya nemi rigar nan, bai sake neman komai a wurina ba. Ko shawara, ko addu'a, ko allura. Da zai yi aure kawunku ya aiko. Da aka yi masa haihuwa ta bakin Rakiya na ji. Shekaru suka tafi a haka, ina da ɗa mai biyayya wanda ba ya buƙatata.

Rakiya ce ta fara tunkarata da maganar, bayan ta dawo ta kama aiki a nan.

“Baba, ka san ba maganar roba ba ce. Da roba ce da na sa an buga wata tun tuni. Na tambaye shi, ya ce a bari.”

“To me kike so in yi? Uba ba ya ba ɗansa haƙuri.”

“A wane littafi ka gani, Baba?”

Na kore ta. Da ta fita na kai ƙara wajen innarku, ina jiran ta goya mini baya, tun da ita ma al'adar nan ta riƙe, ta ma fi ni. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

“Ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, Malam. Amma ya san zanena na yanka.”

Maganar nan ta zauna mini, amma ban motsa ba sai da idona ya fara raguwa. Kun san lokacin, ku ne kuke zura mini zare a basilla. Wata rana na soki yatsana ban ga inda na soka ba, sai na gane ɗinkina ya kusa ƙarewa, kuma akwai aiki ɗaya da aka ba ni ban yi ba. Na ce wa innarku ta ba ni abin nan na ƙarƙashin gado. Ba ta tambaye ni dalili ba.

Na tafi da ita tasha, na warware zanen, na shimfiɗa ta a kan tabarmata a gaban kowa. Aikin ya ba ni wuya. Da tana miƙe da yini ɗaya ya isa, amma yanzu sai na bi lanƙwasar, na yanka kwali gunduwa-gunduwa, na karkata buhun yadda zai rungume wuyan. Na sayi sabuwar algarara, na yi ƙananan ɗinki irin wanda ban taɓa ɓata wa bido ba, inda idona ya kasa na bi da yatsa. Na sa maɗauri na fata. Mutanen fada sun tsufa kamar ni, wasu sun mutu, amma Gambo yana nan. Ya leƙo.

“Mai Bido, wannan kuma wane irin bido ne mai wuya?”

“Rigar bindigar ɗana ce. Ya ba ni aikin da daɗewa.”

Ba wanda ya yi dariya. Gambo ya miƙo mini shayi ya koma wurinsa.

Na hau motar safe zuwa Cirozerin ban gaya wa kowa ba sai innarku. Na tambaya aka nuna mini wurinsa, ƴar rumfa ce ta kwano, farantan hasken rana a jingine a bango. Akwai mutane a ciki suna jiran gyara. Da ya gan ni ya miƙe da sauri, ya ɗauka mutuwa aka yi, ya fara durƙusawa. Na ce ya tsaya a tsaye. Ban jira mutanen su fita ba, domin dariyar ma a gaban mutane na yi ta. Na miƙa masa ƙunshin. Ya kwance maɗaurin, ya ga abin da ke ciki, ya mayar da rigar ya rufe, ya bi ɗinkin da babban yatsa yadda yake bin robar nan a da. Abin da ya amsa mini daga baya nasa ne, shi zai gaya muku in ya ga dama. Nawa kawai zan rubuta. Sai da na gwada sau biyu kafin sunan ya fito, kuma da ya fito ya ɗago kai ya dube ni kamar wani ne ya yi magana a bayana.

“Lawali,” na ce. “Ka roƙe ni riga, na hana ka. Ka gaya mini ba ta son rana, na ba da ita ban faɗa ba, kuma ina sane. Aka yi dariya, na taya. Tun kafin wannan ma, ni na tura ka ramin nan, ko da ban buɗe baki na ce ka tafi ba. Aikinka ya yi kyau, Lawali, tun a lokacin na gani. Ga rigar, ta zo a makare. Ka yafe mini.”